Kifin da Muka Mayar wa Kogi

Warin jan farce, irin marar launin nan, har yau wata Asabar yake tuna mini. Kada ka yi dariya, mai karatu, in na ce a wurin kakana na fara sanin warin.

Ina shekara tara ya zo daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna, shi da kakata, suka zauna da mu a garin Fort Washington, can ƙetaren teku. Masunci ne ɗan masunci, amma sai a nan wani maƙwabci ya koya masa wata irin fatsa da ba a sa mata tana. Ƙwaron ƙarya ake ɗaurawa a jikin ƙugiya. Yakan zauna bakin taga da gashin zabo da zaren ɗinkin hula, ya sa filaya ya danne kunnen ƙugiyar, ya yi ta naɗi har abin ya yi jiki da wutsiya, sannan ya ɗiga jan farcen mahaifiyata a kan ƙullin don kada ya warware.

Ran nan da za mu fita kakata ta bi mu har ƙofa. "Tsoho da wasan 'yartsana," in ji ta. "Na dai niƙa attaruhu. In kuka dawo hannu rabbana, ƙwarinka za ka ci da tuwo."

Sanyi ya fara ja da baya, itatuwa sun yi fure fari fat, kogin Potomac kuwa yana ta tururi kamar an buɗe tukunya. Kakana ya ɗaga sandar fatsar, igiyar ta tashi ta miƙe a bayansa, ta lanƙwasa, ta wuce gaba ta kwanta a kan ruwa ba ko motsi. Na ɗauka rubutu yake yi a iska. Da ya gaji ya sa mini sandar a hannu, ya riƙe wuyan hannuna muka jefa tare.

Fizgar da na ji har cikin haƙorana. Mun daɗe muna ja kafin kifin ya iso gaɓa, wanda ake kira shad, tsawon hannuna, jikinsa kamar sabuwar azurfa, bayansa kore da shuɗi suna wasa. Doka ta hana a ɗauke shi, amma babu kowa a wurin sai mu da tsuntsaye, ni kuwa na riga na hango fuskar kakata. Da 'yar Hausata mai ɗingishi na ce, "Nawa ne."

"Naki ne, Mamana," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya jiƙa hannuwansa, ya zare ƙugiyar da yatsu biyu, ya ɗora tafina a kan cikin kifin. Ya yi tauri, cike da ƙwai. "Uwa ce. A kogin nan aka ƙyanƙyashe ta, ta tafi teku shekaru, yau ta dawo gida haihuwa. Ke za ki faɗa."

Na riƙe ta cikin ruwa ina kuka, ina jin numfashinta a yatsuna. Sai na buɗe hannu. Ta tsaya kaɗan, ta kaɗa wutsiya, kogin ya rufe.

A gida kakata ta dubi hannuwanmu, ta dubi mijinta, ba ta tsokane shi ba. Ta ciro kifin kanti daga firji.

Yanzu ni ke ɗaura nawa ƙwarin, kowace bazara ina komawa gaɓar nan ni kaɗai. Sai bayan jana'izarsa kakata ta gaya mini cewa yana saurayi shi ya fara zuba maganin ƙwari a gulbin ƙauyensu. Kwana uku ana kwasar kifi da kwanduna, gari na yi masa kirari. Har ya bar ƙauyen da furfura, ba a sake jefa fatsa a gulbin nan ba.