Turaren Alhaji a Haƙoran Kati

Na haura arba'in kafin na iya rubuta sunana, shi ya sa duk abin da na koya da girma ba na barin kowa ya taka shi. Kwamfutar nan tana ciki. Maƙwabciyata ce ta bar mini ita da za ta koma gida, wata Madam 'yar kudu da ta yi ritaya daga aikin buga takardu. Kwamfutar tsohuwa ce tukuf, ta girmi 'yar farina, farinta ya koma kalar koko. A kanta nake buga darasin makarantar manya da yatsu biyu.

A cikinta akwai wani kati kamar tafin hannu, mai haƙoran zinariya a gefe. Madam ta ce shi ke ƙara mata gudu, in babu shi sai rarrafe.

Maigidana dillali ne a kasuwar shanu, asalinsa Borno, kuma bai taɓa ƙaunarta ba. Teburinta yake so. Kullum ya dawo yana warin garke, sai ya baza babbar riga a kan kujerar teburin, ya tura kaskon turarensa na ƙarfe ƙarƙashi, ya ja ƙofa har rigar ta sha ta ƙoshi. Ni kuma in bar abata a kunne in tafi girki.

Da ta fara daskarewa ina tsakiyar aiki, na kira Madam. Ta ce wataƙila ƙwaƙwalwar katin ce ta yi kaɗan, ta aiko mini da babba ta hannun direban bas. Na cire wuta, na kwance murfi da sukundireba, na zaro katin, na maƙala masa sabuwar ƙwaƙwalwa, na mayar. Na kunna. Baƙi ƙirin.

Alhaji yana bakin ƙofa yana taunar goro.

"Hajiya likita, kin kashe majinyacin?"

"Suma ta yi."

"Gawa ce. Gobe zan kira mai gwangwan, ya auna ta ya tafi da ita, in samu wurin rigunana."

Kuma ba wasa yake ba. Mutumin da ke sayar da saniya mai ciki ido bai ƙifta ba, ina ruwansa da darasina?

Na sake kiran Madam. Hausarta har yau ba ta san mace da namiji ba.

"Hajiya, ka cire katin duka, ka kunna shi haka nan."

Na cire, na kunna. Ta tashi, tana jan jiki kamar tirelar da aka yi wa lodin shanu fiye da kima. Ke nan ita kanta kwamfutar lafiyarta ƙalau. Na mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwa, na sake soka katin. Baƙi. Ke nan ba laifin sabuwar ba ne, katin ne ya ƙi komawa mazauninsa.

Na fito da shi tsakar gida ina jujjuyawa a rana. Haƙoran nan sun yi ja, suna danƙo a yatsa. Ni ban yi karatu da wuri ba, amma hancina bai jira makaranta ba. Na shinshina. Sandal da hawi, har da ɗan sukarin da yayarsa ke haɗa masa turaren da shi! Ashe fankar kwamfutar ke zuƙe hayaƙin, shekara da shekaru ana turara ta kamar mai shirin biki.

Da na kira Madam na faɗa mata, ta yi dariya har da tari. Ta ce in samo sifirit a kemis da buroshi mai laushi. Duk gidan buroshi ɗaya ne mai laushi, na Alhaji. Na goge haƙoran katin da ramin da suke shiga, na share da auduga, na bar su suka bushe, na sa sabuwar ƙwaƙwalwa, na danna har ya zauna daram. Na yi bismillah. Ta tashi tun ban ɗauke yatsa ba.

Washegari sai ga mai gwangwan da kurarsa, Alhaji a gaba. Ya tarar ina buga darasi, haruffa na fitowa kamar ana korar su. Na miƙa masa audugar da na share katin da ita.

"Shinshina, Alhaji. Wa ya kashe majinyacin?"

Ya shinshina, ya gyara hula, ya dubi rufi.

"To amma na riga na taso bawan Allah."

"Ai ba zai koma hannu wofi ba."

Na sunkuya ƙarƙashin tebur na ɗauko kaskon ƙarfen, na kai wa mutumin har kurarsa. Alhaji ya tuna a gaban baƙo yake, ya bi kaskon da ido.

Yanzu a zaure yake turara rigunansa, da kaskon ƙasa. Buroshin kuwa na wanke na mayar masa cikin kofi. Da safe na ji shi a bakin rijiya yana cewa wannan sabon man goge bakin akwai ƙamshi.