Ƙofar Mai Kitso

Mai Kitso ƙawata ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu tun muna da jajayen sawu. Ita kaɗai ke kirana Doguwa, alhali ko kafaɗarta ban kai ba.

Kitso ta sani, shi ta yi har tsufa. Tana kan 'yar kujerarta, tsinke a bayan kunne, man gashi a bayan hannu, ta matse kanki tsakanin gwiwoyinta. Kika motsa ki sha ranƙwashi. "Zauna mana! Kai ne ko mazari?" Da wannan sana'a ta yi wa 'yarta tilo karatu bayan rasuwar maigidan. Auta muke ce wa yarinyar, duk da ba ta da yaya. Ta girma, ta sami aikin ofis a wani gari mai nisa, ta yi aure can.

A hankali mantuwa ta shigo wa Mai Kitso. Ta ɗora ruwa a wuta ta taho gidana hira. Wata rana ta kitse rabin kan wata mata, ta miƙa mata madubi ta ce an gama. Likita ya ce cutar mantuwa ce, amma farkonta ne, za ta iya zama a gidanta in ana sa mata ido. Abin da take so ke nan. "Doguwa, a bar ni a ɗakina, ko sunana na manta na san hanyar banɗaki."

Auta ta zo da masu haɗa na'urori. Suka manna wani ɗan farin abu a ƙofar gida, wani a jikin firiji, wani kusa da murhun gas. Komai na zuwa wayar Auta. Ta ce za a duba na 'yan watanni, abin da na'urar ta nuna da shi za a tsara kulawar.

Kafin nan Auta kan kira kullum ta ji ko uwar ta ci abinci. Da aka sa na'ura sai kiran ya ja baya. Me za ta tambaya? Waya ta riga ta faɗa mata an buɗe firiji.

Wata safiya na tarar da ƙofar a wangale, Mai Kitso na zaune da waya a cinya tana murmushi.

"Rufe ƙofa mana, ƙuda zai cika miki gida."

"Bar ta. Tsaya ki ga ikon Allah."

Sai ga waya ta yi ƙara. "Umma! Ina za ki? Ƙofa a buɗe take!"

"Ba inda za ni, 'yar nan. Ya yaran? Kin karya kuwa?"

Da ta ajiye ta ƙyafta min ido. "Na gano makunnin Auta."

Na yi dariya har da hawaye, sannan na ce ta yi hankali. Ba ta ji ba. Duk sanda kewa ta taso mata sai ta buɗe ƙofa ta dawo ta zauna.

Ranar da Auta ta zo da mijinta yanke shawara, ina falon. Ta nuna mana wasu jajayen layuka a waya. Wai buɗe ƙofa ya yi yawa, alamar ciwon ya kai matakin fita yawo, zama ita kaɗai ya ƙare.

Na ce, "Auta, da gangan take yi. Muryarki take nema."

"Inna, na san kina son ta. Amma na'ura ba ta ƙarya." Ta juya. "Umma, kin tuna kina buɗe ƙofa?"

Mai Kitso ta dubi surukinta, ta dubi ƙasa, ta gyara tsinken kunnenta.

"Ban tuna ba."

Na bi ta ɗaki tana ninke zannuwa. "Don Allah me ya sa kika faɗi haka?"

"So kike in ce a gaban mijinta ina barar muryar 'yar da na haifa? Gara su ce na manta."

Suka tafi da ita. Ɗaki mai tayil a saman bene, ƙofa mai lambobin sirri, mai aiki da ke kiran ta Kaka. Babu kan da za ta taɓa, jikokin ma shago ake kai su. Da na je duba ta, ta warware gezar labule ta kitse ta tsaf, layi-layi. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Baiwar Allah, ke gajeriya ce, amma kin yi kama da Doguwa." Ba ta sake ganin falonta ba. Allah Ya ji ƙanta.

Ban ce Auta ba ta son uwarta ba. Na ga kukanta. Kuma ciwon gaskiya ne, da ma zai ci gaba. Amma a lokacin da aka ɗauke ta, ƙawata ta san hanyar banɗakinta, ta san sunana, ta san ma yadda ake sa waya ta yi ƙara.

Makullin gidan na hannuna, ba a kuma cire na'urorin ba. Jiya na shiga in share ƙura. Ban kai ga ɗaukar tsintsiya ba wayata ta ɗauki ƙara.

"Inna, ke ce a gidan? Na ga an buɗe ƙofa."

Na dubi 'yar kujerar. Na ce, "Ni ce, Auta. Har yanzu na'urar tana aiki."