Man ɗari a tsakiyar bazara

Shekarun baya, lokacin da ko takardar lasisi sai mutum ya bi ta Sakkwato, yayana ya samu tafiya kwas na wata shida, ya bar mini akori-kurarsa. Motar nan ita ce gonarsa, da ita yake ci da iyalinsa. Da zai tafi bai ce mini komai ba sai, "Amana ta, ka jiya?" Na ce na ji, ina kaɗa makulli a yatsa kamar wanda aka haifa a gareji.

Lokacin ɗari ne, sanyi ake yi sosai, kullum da safe sai an tura ta kafin ta tashi. Na kai wa bakanikenmu a Birnin Kebbi, ya yi mata juye, ya zuba baƙin mai marar kauri, lamba talatin. Washegari ina murɗa makulli ta amsa. Daɗi ya kashe ni, na sayo galan uku na ajiye, ina ganin na gano abin da yayana bai sani ba. Bakaniken ya ce, "Malam, wanga mai na ɗari na. In bazara ta taho ka dawo mu sake." Na ce to, a raina kuwa na ce neman aiki yake yi.

Bazara ta shigo, na yi juye da kaina da man da na ajiye. Wata ranar kasuwa na ɗauko wani dattijo da albasarsa daga Gulma za mu Birnin Kebbi, lodi har ya fi ƙarfin motar. Mun wuce Argungu kaɗan, rana ta take, sai jar fitilar mai ta fara ƙiftawa, injin yana wani kas-kas da ban saba ji ba. Na gangara gefen titi na kashe.

Na zaro ma'aunin mai, yana nan cike, amma da na murza shi a yatsa sai na ji ya tsinke kamar ruwa.

Dattijon ya ce, "Samari, mi ya hwaru? Mota tana tahiya ka kashe ta? Ka lallaɓa mu kai, kasuwa za ta watse."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Motar ga ba tawa ba ta. Ko taki guda ba ni ƙarawa."

Ya yi faɗa har ya gaji, ya ce ni direban tsoro ne. Na bar shi a inuwar wata tsamiya, na tari babbar mota na koma Argungu, na sayo mai kauri, lamba hamsin, na shiga ƙarƙashin mota na yi juye a bakin titi. Sai bayan la'asar muka shiga kasuwa, dattijon ko kallona bai yi ba.

Washegari na kai ta gareji ina sunkuyar da kai. Bakaniken bai yi mini dariya ba. Ya ɗiga man biyu a murfin gwangwani, ya ɗora a kan bonet cikin rana, can ya karkata su. Na ɗarin ya zube nan take, mai kaurin ya bi a hankali. Ya ce, "Ka gani? Zahi shina tsinka shi, ƙarhe ya dinga cin ƙarhe. Da ka ƙara mil biyu da inji ya buga."

Ranar da yayana ya dawo, kafin ya sha ruwa ya tada motar, ya kara kunne. Na yi niyyar yin shiru, amma na kasa, na faɗa masa komai. Ya ce, "Na ji ƙarar tun tashinta. Jira nike in ji ko za ka hwaɗi." Ya zare makullin ya mayar mini a hannu.

Tun daga nan ban sake zuba mai don ya yi mini daɗi a watan jiya ba. Ina duba littafin mota, in duba yanayin gari, in tambayi wanda ya fi ni sani. Na yi tuƙi shekaru da yawa bayan haka, inji bai taɓa bugawa a hannuna ba. Amma har yau idan na tuna yadda ya miƙo mini makullin nan, kunya ce take fara kama ni kafin daɗi.