Mai Alli da Tayoyin Manaja

Shekara ashirin da shida ya yi a garejin ma'aikatarmu, ban kuma taɓa jin wani ya kira shi da sunan yanka ba. Mai Alli kowa ke cewa, saboda guntun allin da ba ya rabuwa da bayan kunnensa. Duk tayar da zai kwance sai ya rubuta mata inda ta fito: gaba dama, baya hagu. Ni direba ne a wurin, Baba nake ce masa.

Gajere ne kakkaura, babban yatsansa na hagu a lanƙwashe tun ranar da jak ɗin ɗaga mota ya zame masa yana saurayi. Ba da ido kaɗai yake duba taya ba. Tafin hannu yake bi da shi a kan zanenta, sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, wa ke bin ka ne da kake taka burki haka?" Matarsa takan kawo masa abincin rana, ta tsaya tana kallonsa ta ce, "Da ni kake lallaɓawa yadda kake lallaɓa roba, da ban tsufa ba." Ba su taɓa haihuwa ba, su biyu ne a ɗaki ɗaya bayan tashar mota.

Shi ya koya mana cewa taya tana son canjin wuri, ta gaba ta koma baya, ta baya ta dawo gaba, don su cinye tare. Amma yakan ce ba kowace taya ke yarda ba. Akwai mai kibiya a jikinta, wadda zanenta ke korar ruwa waje. Ita gefe ɗaya take zama, ba a tsallakar da ita daga dama zuwa hagu. Akwai kuma motar da tayoyin bayanta suka fi na gaba faɗi. Ita ba a kai na baya gaba.

Sai aka kawo mana sabon manaja, da wata baƙar mota mai kwanciya ƙasa, wadda ta haɗa duka biyun: na baya masu faɗi, kowace kuma da kibiyarta. Ni aka ba tuƙinta. Ba a rufa shekara ba tayoyin baya suka fara suɗewa ta ciki, ta dama ta fi muni. Manaja ya sauko gareji da kansa, yana taka ƙasa a hankali don kada baƙin mai ya taɓa takalminsa.

"Tsoho, a juya min su. Ta dama ta koma hagu."

"Ranka ya daɗe, waɗannan ba sa juyuwa. Ko an zare su daga ƙarfen rim an sake sa su, sun riga sun gama aiki. Sababbi za a sa, ga damina ta kankama."

"Kai ka ƙera motar?"

"A'a, ranka ya daɗe. Wanda ya ƙera tayar ne ya zana kibiyar."

Wani makanike ya kasa riƙe dariya. Manaja ya juya ya fita, na ga wuyansa ya kumbura.

Bayan kwana uku Mai Alli ya nemi izini ya kai matarsa asibiti, ƙafafunta sun kumbura ba ta iya takawa. Shugaban gareji, mutumin da ko tari manaja ya yi sai ya ce an yi daidai, ya kira ni ya ce in shigo da motar. Shi ya kwance notuna da hannunsa. Ni na ɗaga jak. Ina kallo ya mirgina ta dama zuwa hagu, kibiyoyin suka koma suna nuna baya. Na buɗe baki, sai ya ce, "Kai ma ka fara koyarwa ne?" Na rufe.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauki matar manaja zan kai ta gidan 'yarta. Ruwa ya tsuge muna kan babban titi. Ban wuce gudun da na saba ba, amma a kwanar gada sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna, bayan motar ya kwashe, muka daki ƙarfen gada. Ni goshi kawai na fasa. Ita ta karye a kafaɗa.

Aka kafa kwamiti na mutum uku. Suka kira ni ɗakin taro, shugaban gareji na zaune a ƙarshen tebur yana wasa da biro. Mai Alli na tsaye bakin ƙofa da hularsa a hannu, ba wanda ya ce masa ga kujera.

"Direba, wa ya juya tayoyin nan?"

Ina da 'ya'ya biyar a lokacin, na kuma san idan ba taya aka kama da laifi ba, direba za a kama. Na ce, "Yallaɓai, ban lura ba. Aikin taya dai kowa ya san mai shi."

Mai Alli ya ce ranar yana asibiti, yana da katin matarsa. Suka ce kati na matarsa ne, ba nasa ba. Ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ba harara ba, irin duban da ake yi wa abin da ake son a tabbatar shi ne. A ranar aka ba shi takardar kora, aka rubuta sakaci. Mai gadi ya bincike jakarsa a bakin get, ya ciro sifanar da tun daga gidan ubangidansa na farko ya zo da ita, ya ce kayan ma'aikata ce.

Ya koma bakin titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano, da tsohon injin iska da bahon ruwa na neman huji. Babura ne yawancin masu zuwa. Matarsa ta rasu a shekara ta biyu. Ni kuwa na daina bin wannan titin, ko da zagayen zai ci min rabin awa.

Sau ɗaya ƙusa ta huda min taya, ta tilasta ni zuwa wurinsa. Na tsaya, na gaishe shi kaina a ƙasa. Ya amsa, ya kwance tayar, ya yi faci, ya ɗaure. Na ce, "Baba, maganar nan ta da..."

"Ta gaba ta hagu tana cin gefe," ya ce. "Ka kai a duba maka saitin ƙafar." Ya juya wurin wani mai babur.

Bara ya rasu. Maƙwabcinsa mai wanki ne ya tarar da shi a zaune jikin bango, injin iska na ta ƙara shi kaɗai. Ma'aikata ta turo wakili wurin ta'aziyya, tsohon shugaban garejin nan, wanda yanzu shi ke kula da motocin dukkan rassa. Ya zauna a kan tabarma ya yi ta ba mutane labarin yadda suka yi aiki tare kamar wa da ƙane, yana cewa irin su marigayi ba a sake yin su. Da ya hango ni sai ya ce, "Ga ma direba nan, ku tambaye shi."

Mutane suka juyo suna kallona. Na ce haka ne.