Murhun Ama

Duk wanda ya zauna a titin Grand Concourse na unguwar Bronx, can Amurka, ya ce bai san Tahiratu ba, to kurma ne. 'Yar Zangon Kumasi ce, shekara goma sha tara tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. In ta ɗaga waya a cikin jirgin ƙasa na layin D, har mutanen unguwar Brooklyn sai sun san abin da aka dafa a Aboabo ta Kumasi. An ce ta taɓa cika wani tsoho da surutu har ya miƙe daga keken guragu ya ruga. Wanda ya ba da labarin mai sallah ne.

To, ita ce ejensi, kamfanin da ke ba ta aiki, ta tura unguwar Queens, wajen wata tsohuwa 'yar Sin, ƙarama kamar a sa a aljihu. Ranar farko Tahiratu ta ji jikokin suna kiranta "Ama, Ama". Ta dafe ƙirji, don a wajen Ashantin Kumasi macen da aka haifa ranar Asabar ita ake kira Ama.

"Ei! Ama? Ke ma ranar Asabar aka haife ki? Ashe 'yar gida ce!"

Ɗan tsohuwar, Muga, mai dafa abinci a wani gidan cin abinci, ya yi ta bayani cewa su ƙabilar Yi ne, daga can kan duwatsu, kuma a yarensu Ama kaka ke nan. Tahiratu ta ce ta ji. Kafin la'asar duk Bronx ta san an gano Ashanti a ƙasar Sin.

Tsohuwar ba Turanci, Tahiratu ba yaren Yi, amma hira suke daga safe har yamma, kowacce da nata harshen, ba mai jiran wata. Abu ɗaya Ama take maimaitawa. Ta jera kofuna uku a kan tebur, ta ɗora kwano a kai, ta hura ƙasansa da baki. Wannan kam ba sai an nemo tafinta ba.

"Murhu!" in ji Tahiratu. "Wallahi murhun kakata sak!"

Muga ya ce haka yake. A ƙauyensu murhu a tsakiyar ɗaki yake, duwatsu uku, a nan ake ci, a nan ake shawara. Ba a tsallake shi, ba a ɗora masa ƙafa. Wutar gidansu kuwa, tun Ama tana amarya ba ta bari ta mutu ba. Da za a kawo ta Amurka magani, sai da ta danƙa wutar a hannun matar ƙanen mijinta. Kowace safiya sai ta tambaye shi ko wutar tana ci, shi kuma ya ce tana ci, sannan ta karɓi abinci.

"Anti," ya ce, "abu ɗaya nake roƙo. Kar ki nemo mata garin a waya."

Ka ce wa Tahiratu kar ta taɓa waya? Gara ka ce wa akuya ta yi gadin dusa. A ranta ta ce yaran zamani ba tausayi, uwa tana kewar gida ana mata rowar hoto. Akwai kalanda a bango mai sunan ƙauyen. Ta ɗauki hotonsa, waya ta yi aikinta, sai ga bidiyo.

Ita kanta sai da ta yi guɗa. Gari ya yi kyau! An shimfiɗa titi har kan dutse, an gina ƙofa mai ado, motocin 'yan yawon buɗe ido jere. 'Yan mata sanye da kayan gargajiya suna rawa, baƙi suna aron baƙin mayafin gashin tumaki suna ɗaukar hoto. Ta ruga da murna ta tura wa tsohuwar wayar a gaban ido.

"Ama, duba! Garinku ya zama Dubai!"

Ama ta matso. Ta gane dutsen, ta gane itacen goro irin nasu, ta fara nuni tana dariya da bakinta mara haƙori. Sai mai ɗaukar bidiyon ya shiga wani gida. Dariyar ta tsaya. Ga ƙofarta, ga kwandonta a rataye, ga murhun. A tsakanin duwatsun nan uku an ajiye jan ƙwan lantarki da ƙyallen da iska ke kaɗawa, wai shi ne wuta. Wani baƙo ya ɗora takalminsa a kan dutse ɗaya, ya ɗaga yatsu biyu yana murmushi.

Ama ba ta yi kuka ba. Ta ture wayar a hankali, ta juya fuskarta bango.

Kwana huɗu ba ta ci komai ba. Muga bai yi faɗa ba, abin da ya fi kashe Tahiratu ke nan. Ya ce shekara uku ke nan da dangin suka koma sabbin gidaje a gindin dutse, aka mai da tsohon gidan wurin kallo.

"Anti, shekara uku ina hura wutar nan da bakina."

Rana ta biyar aka ga Tahiratu a jirgi da jakar cefane tana nishi kamar mai naƙuda. Duwatsu uku ta tsinto a wani lambun shaƙatawa, ga gawayin turaren wutarta, ga dankalin turawa guda. Ta jera su a kan faranti a tsakiyar falon mutane, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo ta hau hurawa. Ƙararrawar hayaƙi ta ɗau ihu, maƙwabta suka yi waje, wani har da kyanwarsa a hammata.

Ama ta juyo. Ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙa sandarta ta tura dutse ɗaya gefe, ta yi wa Tahiratu tsaki, don ba a jera shi daidai ba. Da dankalin ya gasu ta ɓare shi da kanta, ta ci rabi, ta miƙa mata rabi.

Washegari ejensi ta cire Tahiratu daga gidan, wai ta kunna wuta a ɗakin mara lafiya. Ba ta sake ganin tsohuwar ba. Bayan kwana tara Muga ya kira ta, ya ce Ama ta rasu. Ta tambaye shi yau wace rana ce, ya ce Asabar.

Yanzu in ka shiga jirgin D za ka iya wuce ta ba ka sani ba, waya tana cikin jaka. Duwatsun suna ɗakinta a ƙarƙashin taga. Rannan ƙawarta Adjoa ta zo, ta ce su yi dariya ko ta sake.

"Hajiya, tsafi kika fara? Bari in zauna a kan gunkin naki in cire takalmi."

Tahiratu ta riƙe mata hannu tun ba ta kai ba.

"Zagaya, Adjoa. Ba a ɗora musu ƙafa."