Ƙulli Talatin da Ɗaya

Mu tara ne muke zama duk ranar Juma'a bayan La'asar, a wani ɗaki da ke bayan shagon ɗinki a unguwar Anbariyya ta Madina. Dukkanmu Hausawa ne, kuma babu wanda ƙwaya ba ta taɓa kayarwa ba a cikinmu. Ni a siton dabino na Aƙiƙ na koye ta. Kwali ɗari nawa za ka ɗauka a zafin Madina kafin bayanka ya ce ya gaji? Wani ya ba ni guda ɗaya ya ce ta ƙarfin jiki ce, ban farga ba sai da ta cinye mini shekara huɗu da haƙora biyu.

Ɗakin nan ba na ƙaunarsa ko kaɗan. Kafet ɗinsa ya sha shayi da zufar ƙafa har ya yi danƙo, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana ɗigar ruwa cikin wani tsohon gwangwani. Amma a nan na warke, ba zan ɓoye ba. Mai shagon shi ne shugabanmu, Ustaz muke ce masa. Haihuwar Madina ne, kakansa ne ya zo aikin Hajji daga Kano bai koma ba. Shi ma ya yi shaye-shayensa ya tuba, sai ya rubuta wasu 'yan shafuka, rabi Larabci rabi Hausa, muna karantawa. Bayan karatu kowa ya faɗi sati nawa ya yi bai sha ba, a ce masha Allah, a zagayo da shayi.

Ni na kai abokin aikina wurin. Dogon mutum ne mai sanyin magana, daga wani ƙauyen Maguzawa a kudancin Katsina. Ya musulunta tun yana saurayi, kuma wallahi ya fi ni kiyaye salla. Uwarsa da kawunnansa dai suna nan a kan addininsu na gargajiya. 'Yan ɗakin sukan tsokane shi da jikan masu giya, ya yi murmushi ya ce ai jikan masu noma ne.

Wata rana muna hutun rana a sito ya nuna mini hotuna a wayarsa, shafukan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ashe a ƙauyensu akwai maza da suka bar burkutu, suna haɗuwa ranar kasuwa su ƙarfafa wa juna gwiwa, wanda ya yi boko a cikinsu yana rubuta abin da suka yarda da shi. Barin giya a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne, domin da ita ake biki, da ita ake makoki, da ita ake tuna kakanni. Littafin ya ce in ƙwaryar giya ta zagayo kanka, ka karɓa da hannu biyu, ka zuba wa magabata rabonsu a ƙasa, ka miƙa wa na gaba. Ya ce kada ka je taro da yunwa, kuma ka zauna kusa da ɗan'uwanka da ya bari. Na karanta na ce a raina, wannan ya fi shafukan Ustaz sanin halin mashayi.

Daga nan ya zaro wani farin zare daga aljihu, cike da ƙulli. Mutanensu ba sa lissafi da kalanda, in ji shi. Duk satin da mutum ya tsallake sai ya yi ƙulli ɗaya a gaban shaida. Tasa shaidar uwarsa ce. Duk Juma'a suna waya, ya ƙulla nasa a nan, ta ƙulla nata a can. Tsohuwar da ta yi shekara da shekaru tana dafa giya ta yi alkawarin ba za ta kai ta bakinta ba muddin zaren ɗanta yana ƙaruwa.

“In na ji jikina yana nema, sai in sa hannu a aljihu in bi su ɗaya-ɗaya,” ya ce. “Kafin in kai ƙarshe sha'awar ta wuce.”

Na taɓa zaren da hannuna. Zaren buhun dabino ne, daga sitonmu ya tsince shi.

A satinsa na talatin da ɗaya aka kawo mana sabon mutum, wani direba magidanci, kwanansa uku da bari, hannunsa na rawa har shayi na zuba masa a riga. Ya tambaya ko akwai dabarar da mutum zai yi in abin ya taso masa. Kowa ya ce ya yawaita zikiri, ya yi haƙuri. Abokin nawa, don tausayi, ya zaro zarensa ya fara bayani.

Bai kai ƙarshen magana ba na ga mutane suna ja da baya. A ƙasar nan zare mai ƙulli abu ɗaya yake nufi. Shi ake tsinta a ƙarƙashin katifa ko a bakin ƙofa, a ce an yi wa mutum sihiri.

“A'uzu billahi! Esh hada, ya ahi?” in ji Ustaz. “Mene ne wannan ka shigo mana da shi?”

“Lissafi ne kawai, Ustaz. Sati-sati ne.”

“Wa ya koya maka?”

“Innata.”

“Innar taka tana salla?”

Wani Banijare da ke gefena ya ce in aka kama wannan abu a ɗakin nan, dukkanmu sai an kwashe mu an mayar gida, iƙama, wato takardar izinin zama, ba za ta ceci kowa ba. Wani ya ce dama shi tun farko jikinsa bai ba shi ba. Wannan mai maganar sau uku yana komawa ƙwaya, kuma abokin nan nawa ne ya taɓa goyo shi daga bakin titi.

Ustaz ya ce halas, wato shi ke nan, abin da sauƙi. A kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ana karanta Falaƙi da Nasi a kan kowanne, sannan a ƙone zaren. Ya juyo ya ce da ni, “Kai ka kawo shi, riƙe masa bakin zaren.”

Na san abin da zaren nan yake. Na san inda aka tsince shi, na karanta littafin, na sha jin muryar tsohuwar a waya tana tambaya ko ya ci abinci. Magana uku ta ishe ni in faɗa. Amma na tuna iƙamata, na tuna ba ni da wani ɗakin in aka kore ni daga wannan, sai na miƙa hannu na riƙe.

Ƙullin sun ɗaure tamau saboda yawan shafawa. Abokin nawa ya gwada da farce, farcen ya karye, ya koma sa haƙori. Yawunsa ya jiƙa zaren, ina jin jan kowane ƙulli a yatsuna. Mutum takwas suna karatu da ƙarfi a kansa kamar ana cire aljani, ni ma bakina yana motsi. Bai yi kuka ba, bai yi musu ba. Sai dab da Magariba ya gama. Ustaz ya ƙone zaren a cikin faranti, ya rungume shi ya ce, “Mabruk, yau ka tsira.” Aka kawo dabino, suka ci suna tofar da ƙwallo a farantin nan mai toka. Ni kuwa na fita na tsaya a bakin shago.

Juma'ar da ta biyo, da layi ya zo kansa, Ustaz ya riga shi magana. Ya ce na baya ba a gina shi a kan tauhidi ba, don haka a fara daga farko. Abokin nawa ya ce, “Sati ɗaya,” aka ce masha Allah. Ya ƙara zuwa sau ɗaya ya daina. Lokacin girbin dabino ne, sai ya bi ma'aikata zuwa gonakin Khaibar. Da ya dawo ban buƙaci tambaya ba. Ya rame, idonsa ya yi ja, muƙamuƙinsa yana ta tauna babu komai a baki.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tare ni a ƙofar sito, wayarsa a hannu.

“Yaya, Inna ce. Ta ce muryata ta canza, ba ta yarda da ni ba. Don Allah yi mata magana.”

Na karɓa. Muryar tana da kauri, ga kukan awaki a bayanta.

“Ɗana, kai ne abokin nasa? Faɗa mini gaskiya, nasa nawa ne? Ni yau na ƙulla na arba'in.”

Yana tsaye a gabana yana tauna, yana roƙona da ido.

“Arba'in ne, Inna,” na ce.

Ta rangaɗa guɗa har sai da na janye wayar daga kunnena. Ta ce shekaranjiya aka yi makokin ƙanenta, ƙwarya ta zagayo kanta, ta zuba a ƙasa ta miƙa gaba, mata suna yi mata dariya wai tsohuwa ta zama malama. Ta ce ita ko a jikinta. Ta sa mini albarka, ta ce ɗanta ya yi dacen aboki a ƙasar mutane.

Na miƙa masa wayarsa ban dube shi ba. La'asar ta kusa, sai na wanke fuska na nemi motar Anbariyya. Da layi ya zo kaina na faɗi satina, aka ce masha Allah, na karɓi shayina na sha.