Abdu Mai Agogo da Injin Mai Kai Biyar

Rigimar da Abdulƙahhar ya sha kaye a cikinta, wadda har yau ba ya so a tayar masa, ta tukunyar miya ce. Matarsa Mahfuza ta dawo daga kasuwar Assiyéyé da kuɓewa da busasshen kifi, ta tarar da tukunyarta a kan gawayi tana ƙauri. Ta ɗaga murfi, ta ga wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙwan agwagwa ba kwance cikin man keken ɗinki. Da ta tambaya, sai malam ya gyara tabarau ya shiga yi mata karatu: wai injin ƙaramin jirgin sama ne ya daskare, sai an ɗumama shi a hankali, wai kuma ƙarfe ba najasa ba ne. Da azahar, abokansa na zaune a zaure, Mahfuza ta aiko da tuwo malmala uku da kwanon miya a rufe. Aka buɗe, ga inji. Ya shiga gida yana faɗa, ta ce ai shi ya dafa, ita zubawa kawai ta yi. Ƙarshenta ya sayi sabuwar tukunya, ita kuwa ta yi wata guda tana dafa masa nasa kason a tsohuwar. Duk wanda ya gaisa da shi a watan nan ya ji warin gareji.

Ina da ikon faɗin wannan, don taubashina ne, ɗan kawuna, bawana tun yana yawo ba wando. Abdu mai agogo ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya teburinsa yana barandar shagon Alhaji Nata'ala, a bakin titin da ya ratsa Zongon Lome, taku goma daga inda nake soya ƙosai. Alhaji dillalin gwanjo ne, yana sauke kontena a tashar jirgin ruwa. Bai taɓa karɓar ko dala a hannun Abdu don barandar nan ba, bai kuma taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Da wayar hannu ta zo ta kashe agogo, Abdu ya koma korar ƙuda. Ana nan sai aka tsinci ɗan injin nan na tukunya a cikin tarkacen wata kontena, ba wanda ya san ko na mene ne, aka jefa masa. Ya kwance, ya ɗaure, ya yi tambaya, ya haɗa mai, ran nan ya tayar da shi. Ƙarar ta watsa min masu sayen ƙosai, wata akuya ta tsinke igiya. Ashe akwai manyan mutane masu furfura, a nan Lome da Ankara da Kwatano har Sokode, da ba su da aiki ranar Lahadi sai su fita fili su tashi jiragen katako masu tsawon tabarma, suna juya su daga ƙasa. Sabon inji tsada gare shi, saboda haka na hannu suke saye a intanet, daga mutanen da ba su taɓa gani ba. Kafin shekara biyu duk sun san lambar bawana.

Yadda yake aikin abin kallo ne. A turo masa hoto, ya buɗe shi da yatsu biyu, bai damu da ƙyalli ba, kawunan noti yake dubawa. In sun cinye, to wani mai gaggawa ya taɓa shiga ciki da abin da bai dace ba. In hotuna biyar duk ta gefe ɗaya aka ɗauka, sai ya ce a juyo masa gefen da mai kaya yake jin kunyarsa. Amma hukuncin a kunne yake. Sai ya sa mai sayarwa, ko a wace ƙasa yake, ya kara waya a jikin injin, ya juya farfela da yatsa a hankali, ya turo sautin. Abdu ya manna wayar a kunnen hagu, ya rufe ido kamar mai sauraron tafsiri. Lafiyayyen inji yakan yi tauri, sannan ya saki da ɗan "tof". Daga nan kalma ɗaya ce: "Saya," ko "Bari." Ya sha gaya min cewa jan dattin da ke manne a jikin tsohon inji man zurma ne ya bushe, shi ke hana tsatsa. Na ce da ma shi ya sa ba ya son wanka. Maganar man zurmar ta shiga min ta kunnen nan ta fita ta wancan, abin da ya zo ya dame ni daga baya.

A daminar bara Alhaji Nata'ala ya ga abin yana da romo. Wani tsohon Bature ya mutu, ɗansa ya zuba kayansa a intanet, a ciki akwai inji mai kai biyar, kawunan a kewaye kamar furen kabewa. Alhaji ya kawo wa Abdu hotuna da sautin. Abdu ya saurara sau uku, ya ce bai taɓa jin mai lafiya irin wannan ba, ya saya. Alhaji ya saya. Kafin kayan su iso har an sami mai so: Dokta Tchakoura, likitan haƙori a Sokode, wanda ya yi shekara biyu yana gina jirgin da zai ɗora shi a kai.

Ranar wata Asabar na zagaya bayan shago ɗiban ruwa a famfo, na tarar da Alhaji a tsugune. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannu, ga baho cike da kumfar omo, ga soson ƙarfe, ga tsohon buroshin haƙori. Injin ne yake dirza. Ku da kuka san Zongo kun san ba abin mamaki ba ne. Takalmin gwanjo wanke shi ake yi, firji a goge, taya a shafa mata baƙi, wa zai kai kaya kasuwa da dattinsa? Ya ɗauraye a bakin famfo, ya shanya a kan bulo. Har na yaba masa, na ce ya yi kyau kamar kwanon amarya. Sannan ya jefa shi a aljihun teburin shagonsa, ya yi kwana tara yana shan iskar teku da laimar damina.

Ranar Litinin Dokta ya ce ya yarda da kuɗin, amma ba zai tura ba sai ya ji "Saya" daga bakin Malam Abdu. Alhaji ya fito da injin yana walƙiya, ya ɗora a kan gilashin tebur. Ina kallo daga bakin kasko. Abdu bai taɓa farfela ba tukuna, hanci ya kai. Da ya juya farfelar, har ni da mai ke tafasa a gabana na ji: ƙurus, ƙurus, kamar ana taka yashi a kan siminti. Boris ɗin ciki, ƙarafan da farfela ke juyawa a kansu, sun yi tsatsa.

Abdu ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce a ba shi wata ɗaya, a yi odar sabbin boris, ya sa da hannunsa, a gaya wa Dokta gaskiya, a rage masa wani abu. Alhaji ya ce ba za a rage ko ƙwandala ba. Ya riga ya cika majalisa da cewa shi ma yanzu ya san kan kayan nan, ga shi za a ce kayansa na farko gyararre ne.

"Kalma ɗaya ce fa, Abdu," in ji shi. "Kana faɗarta sau goma a rana ga mutanen da ba su taɓa ba ka inuwa ba."

Alhaji ya ƙara da cewa ranar Alhamis bayan la'asar za su kira Dokta, kuma akwai wani mai sayar da katin waya da ya daɗe yana roƙonsa barandar nan.

Mutum mai shekara sittin da uku, ina zai kai tebur? Duk mai nemansa barandar nan yake zuwa, can ne wutar da yake cajin waya, can ne inuwa, can ne ake kulle masa kayan aiki in an tashi. Mahfuza ta zo wurina ranar Talata, wai sayen ƙosai, ta tsaya har kasko uku bai ishe ta magana ba. Ta ce ya daina cin abinci, yana zaune yana goge tabarau da ba su da datti.

Ni kuwa na ba shi shawarar da duniya ta koya min. Na ce, kai bawana, wa ya ce ka yi ƙarya? Ka yi tari, ka ce "to, ba laifi", ka ce layi ba kyau. Dokta ya cire haƙoran rabin Sokode, ba injin nan ne zai talauta shi ba. Ya ce ba talauci yake ji masa ba. Injin zai tashi, zai ma yi minti biyu ko uku yana aiki, sai jirgi ya yi sama sannan ya cije. Aikin shekara biyu ya faɗo, kuma a filin nan mutane ke tsayawa kallo. Sai na gaya masa abin da na gani a bayan shago, na ce to ga makami, ka fasa ƙwai kowa ya huta. Ya ce ya sani tun daga warin, inji ba ya ƙamshin wanki.

"Kada ki tona shi, Yaya," ya ce. "Mutum ne mai surukai."

Na ce surukansa ne za su ba ka baranda?

Ranar Laraba bai karɓi aikin kowa ba. Waya na ta ƙara a kan gilashi, ya kife ta. Alhaji ya wuce shi sau huɗu ba sallama, a na biyar ya tsaya ya auna faɗin barandar da taku, a gabansa, yana ƙirgawa a fili.

Alhamis aka sauko daga la'asar, sai na ga Alhaji bai shigo shi kaɗai ba. Ya jawo rabin sahun masallaci, har da na'ibin liman, wai su zo su ga yadda ake ciniki da Sokode ta waya. Na gane dabarar. Ya san Abdu da kunya, ya ɗauka ba zai iya ƙaryata shi a gaban jama'a ba. Na sauke kasko daga wuta, ƙosai bai taɓa ƙonewa a hannuna ba, ban kuma so ya fara ran nan.

Aka kira. Fuskar Dokta ta fito, a bayansa ga jirgin, ja da fari, hancinsa a buɗe yana jiran inji. Alhaji ya ɗaga injin yana juya shi a rana don ya yi ƙyalli, Dokta yana murmushi har kunne. Sannan ya ce a ba shi Malam Abdu.

Abdu ya karɓi injin, ya dubi Alhaji, ya dubi teburinsa. Bai yi tari ba, bai ce layi ba kyau ba. Ya matso da injin bakin wayar, ya sa yatsa ya juya farfela a hankali, sau ɗaya, sau biyu. Wurin ya yi tsit har ana jin ƙurus ɗin daga bakin titi. Murmushin Dokta ya tafi.

"Malam Abdu, me ka ce?"

"Bari, Dokta."

Dokta ya yi godiya da Faransanci, ya kashe.

Alhaji bai ɗaga murya ba da farko. Cewa ya yi a sauke masa tebur daga baranda, yanzu. Na'ibi ya fara ba da haƙuri, Abdu ya ce a bari, hakkinsa ne. Shi da Alasan mai zemijan, wato ɗan acaɓa, suka kama, suka sauko da shi matakala uku. Ba inda za a kai shi, na janye buhun gawayi na ce a ajiye nan. Yana nan har yau a ƙarƙashin rumfar kwanona, hayaƙi na dusashe masa gilashi, rana na dukan bayansa daga azahar, yana cajin waya a wurin mai aski. Mai katin waya ya samu baranda.

Da Alhaji ya tsaya a nan, da ya tafi da mutuncinsa. Amma ya biyo teburin har bakin kaskona, jama'a na biye da shi. Ya ce injin nan da ma matacce ne. Ya ce Abdu ya haɗa baki da ɗan Baturen, ya ci la'ada ta can, ya sa shi ya sayi gawa, yanzu kuma ya kunyata shi don ya rufe sawunsa. Ya ce duk wanda ya taɓa saye da kalmar Abdu ya je ya sake duba kayansa. Abdu yana jera ƙananan sukundirebobinsa, bai ɗago ba. Na buɗe baki, ya harare ni, na rufe. Na ga mutane sun fara kallon juna, wani ma ya ce ai biri ya yi kama da mutum. Alhaji ya ga ya samu gindi, ya buga tafin hannu a kan gilashin, ya ce in Abdu ya isa, ya rantse a gaban na'ibi cewa ba shi ne ya ce a saya ba.

Abin da Abdu ya faɗa shi ne na ƙarshe da aka ji a kan injin nan, don Alhaji juyawa ya yi ya shige shago, bai kuma ƙara tayar da maganar ba har yau. Ya cire tabarau, ya ninke, ya ɗago a hankali.

"Ni na ce ka saya, Alhaji, kuma da ransa ya sauka a Lome. Ban dai ce ka kai shi bayan shago ka yi masa wankan gawa da omo ba."